Fatalwar Borley a Ma'aunin Masu Riwaya

   

Da aka nemi in zo in yi magana a daren nan, aka kuma bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kansa, na san akwai waɗanda za su yi mamaki, watakila har su yi mini dariya a ɓoye, idan suka ji cewa duk faɗin ilmin da Allah ya shimfiɗa a duniya ban ga abin ɗaukowa ba sai labarin fatalwa, fatalwar ma ba ta garinmu ba, ta wani ɗan ƙauye ce a Ingila wanda Turawan kansu da yawa ba su san hanyarsa ba. Uzurina shi ne, labarin fatalwa a wurinmu ba ya wuce an ce da an ce. Idan ka tambayi mai ba da shi wa ya gani, sai ya ce wani mutum ne a unguwar kaza, idan ka je unguwar kaza kuwa sai a tura ka gaba. Wannan na Ingila da na kawo muku yana da sunayen mutane, da ranaku, da wasiƙu, da jaridu, da littattafai, kuma abin da ke da suna da rana ana iya aza shi a ma'auni. Ma'aunin da nake nufi kuwa namu ne na gado, wanda malaman Hadisi suka ƙera domin tace riwaya, ko da yake, Allah ya sani, sun ƙera shi ne domin abin da ya fi wannan daraja nesa ba kusa ba.

Kafin in shiga labarin sai in share wata hanya, don kada wani ya fita daga zauren nan ya ce malam ya musanta gaibu. Samuwar aljanu tabbatacciya ce da nassin Alƙur'ani, har sura guda aka sa wa sunansu, babu Musulmin da ke da ta cewa a nan. Amma fatalwa a ma'anar da Turawan suka nufa, wato ran mamaci ya komo yana yawo inda ya mutu yana neman a yi masa wani abu, malamanmu ba su karɓe ta ba, domin tsakanin matattu da komowa duniya akwai barzahu har ranar tashi, kamar yadda ya zo a Suratul Muminuna. To, ko da mun ce abin da aka gani aljani ne ya rikiɗa, imani da samuwar jinsin aljanu bai wajabta wa kowa gaskata cewa wance ta ga aljani ranar kaza a lambun kaza ba. Wancan aƙida ce, wannan kuwa habari ne, habari kuwa, a ta'arifin malaman balaga, shi ne zancen da ke ɗaukar gaskiya yana ɗaukar ƙarya, don haka tilas a nemi wanda ya faɗa, da wanda ya ji daga gare shi, da halin kowannensu.

Sunan ƙauyen Borley. Yana lardin Essex, daf da iyakar Suffolk, kimanin mil 60 arewa maso gabas da Landan, bisa ɗan tudu mai kallon kogin Stour, kusa da garin Sudbury, kuma mutanensa ba su kai 200 ba. A 1862 aka naɗa Henry Bull limamin cocin ƙauyen, bai daɗe ba ya gina wa kansa katafaren gida na jan tubali a tsallaken hanya daga cocin, a wurin da tsohon gidan liman ya ƙone a 1841. Limaman cocin Ingila suna aure, saɓanin na Katolika, shi kuwa wannan Allah ya ba shi 'ya'ya 14, sai da ya ƙara sashe guda kafin gidan ya ɗauke su. Ku riƙe siffar gidan nan a zuciya, don za mu bukace ta. Ba lantarki, ba ruwan famfo, sai rijiya a tsakar gida. Ga dogayen lunguna masu sanyi da iska ke ratsawa, ga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ga wayoyin ƙarfe da suka bi ta cikin bango da rufi zuwa ƙararrawoyin kiran barori. Duk wanda ya taɓa kwana shi kaɗai a tsohon soro, gafiya tana sukuwa a kan azara, ya san irin maganar da gida ke yi da dare, ya kuma san yadda kunne ke mai da ita takun mutum.

Tatsuniyar da ta liƙe wa gidan ita ce, wai a ƙarni na 14 na Miladiyya akwai gidan ruhubanawa a wurin, wato Kiristocin nan masu zuhudu da suka haramta wa kansu aure. Wai wani rahibi daga cikinsu ya yi soyayya da wata rahiba, irin waɗanda mutanenmu ke kira sista, suka shirya gudu cikin keken doki, aka kama su, shi aka kashe, ita kuwa aka gine ta da rai cikin bango. Ibn Haldun, Allah ya ji ƙansa, ya koyar a Muƙaddimarsa cewa kafin a shiga binciken masu riwaya sai a fara duba ko abin da aka ruwaito mai yiwuwa ne bisa ɗabi'ar zamaninsa, domin idan matani ya rushe ba a bukatar wahalar isnadi. Wannan matani kuwa ba ya ko tsayawa da ƙafarsa. Babu wata takarda a tarihin Ingila da ta nuna an taɓa yin gidan ruhubanawa a Borley, kuma tun 1938 masana tarihin lardin suka tabbatar wa masu bincike haka. Irin keken dokin da ake cewa ana gani, mai rufi da mazaunin matuƙi, bai shiga Ingila ba sai a ƙarni na 16. Gine rahiba da rai kuwa sananne ne a adabin Turawa na ƙarni na 19, yana cikin wata doguwar waƙa ta Walter Scott ta 1808, yana kuma cikin wani ƙagaggen labari na Rider Haggard na 1893, waɗanda ba za a rasa irinsu a gidan liman mai 'yan mata masu karatu ba.

Yanzu sai isnadi. Ɗabaƙar farko iyalin Bull ne. Henry ya mutu a 1892, ɗansa Harry ya gaje shi a limanci har zuwa mutuwarsa a 1927, wato shekara 65 gidan yana hannun zuri'a ɗaya, labarin yana girma tare da yara. Babbar shaidar wannan ɗabaƙa ita ce ta ranar 28 ga Yuli 1900, lokacin da 'yan matan gidan uku suka ce sun hango wata siffa cikin baƙaƙen tufafin rahiba tana tafiya a gefen lambu, suka kira ta huɗu, ita kuwa da ta nufi wurin don ta yi mata magana sai siffar ta ɓace. Ban ce sun yi ƙarya ba, kuma ba na zaton sun yi. Amma a dubi sharuɗɗan ganin: da almuru ne, tazarar kimanin yadi 40 ce, ƙarƙashin itatuwa, masu ganin kuwa 'yan uwa ne da suka tashi da labarin rahiba a kunne tun suna yara. Bayan haka, riwayar ba ta shiga hannun mai bincike ba sai 1929, shekara 29 ke nan ana maimaita ta a wurin cin abinci, kowa kuwa ya san yadda labari ke goge gefensa ya yi santsi idan ya daɗe a baki. Malamanmu sun sharɗanta wa mai riwaya abu biyu, adalci da kiyayewa, kuma sau da yawa sun bar riwayar mutumin kirki mai tsoron Allah don kiyayewarsa ta yi rauni. Waɗannan mata ina ba su na farko, ina shakkar na biyu.

Har zuwa nan fatalwar Borley mai kunya ce. Tana wucewa ta gefen lambu, ba ta taɓa kowa, ba ta fasa ko kofi, har an ce Harry Bull yakan zauna a wata 'yar rumfa a lambun yana jiran ta kamar mai jiran baƙo. Ɗabaƙa ta biyu ta fara a Oktoba 1928, lokacin da sabon liman, Guy Eric Smith, ya tare da matarsa Mabel. Matar tana share wani kabad sai ta tarar da ƙoƙon kan mutum a naɗe cikin takarda. Suka riƙa jin ƙararrawa tana kaɗawa ba wanda ya ja ta, da taku, da ganin haske a taga. Mutanen ƙauye kuwa suna ƙin zuwa gidan da dare, abin da ke kawo wa aikin liman cikas. Sai suka yi abin da suka yi nadamarsa daga baya, suka rubuta wa jaridar Daily Mirror suna roƙon ta haɗa su da masu binciken irin waɗannan al'amura. Jarida ta turo wakili, labari ya fito ranar 10 ga Yuni 1929, bayan kwana biyu kuma, ranar 12 ga wata, ta kawo musu Harry Price.

Dole in tsaya a kan wannan mutum, domin shi ne madogarar isnadin duka, kusan duk hanyoyin riwayar ta kansa suka bi. An haife shi a 1881, ya ƙware a dabo da rufa-ido, kuma da wannan ƙwarewa ya yi suna wajen tona asirin 'yan damfara masu da'awar kiran matattu. Shi ya fallasa William Hope a 1922, mai ɗaukar hoton mutum tare da wai ran mamacinsa. Shi ya nuna a 1931 cewa farin abin da Helen Duncan ke fitarwa daga bakinta tana cewa jikin ruhi ne, ɗan ƙyalle ne mai shara-shara. Saboda haka mutane suka ɗauke shi amintacce, suna cewa wanda ya kama ɓarayi da yawa haka ba zai yi sata ba. Wannan ƙiyasi ne ɓatacce, don babu wanda ya san ƙofar ɓarawo kamar mai kamun ɓarawo. Abin lura shi ne, daga ranar da Price ya sa ƙafa a gidan, fatalwar da ta shekara kusan 30 tana tafiya shiru ta koyi jifa: tsakuwa ta fara gangarowa daga matakala, tulun furanni ya fashe, aka fara jin ƙwanƙwasa a jikin madubi kamar ana amsa tambaya. Da ya tafi sai jifa ya tsaya. Mabel Smith ta ce daga baya tun a lokacin ta zarge shi. Wani wakilin jaridar Daily Mail mai suna Charles Sutton kuma ya rubuta cewa a wata ziyara ta wannan shekara, da dutse ya same shi cikin duhu, ya cafke Price ya tarar da aljihunsa cike da tsakuwa. Gaskiya ne bai buga wannan ba sai bayan mutuwar Price, kuma jinkirin aibi ne ga shaidarsa, amma jarhi ne da aka fassara dalilinsa, irin wanda malamai ke gabatarwa a kan yabo na jimla.

Smith da matarsa sun bar gidan a Yuli 1929, bayan 'yan kallo sun tattake musu lambu, ana sauke su mota-mota. A 1945 matar ta rubuta wa wata jaridar coci cewa ita da mijinta ba su taɓa yarda gidan yana da fatalwa ba.

Ɗabaƙa ta uku ita ce mafi yawan abin mamaki, ita ce kuma mafi rauni, kuma a ilmin riwaya waɗannan biyun sukan zo tare. A Oktoba 1930 Lionel Foyster, ɗan uwan su Bull, ya karɓi limanci, ya tare da matarsa Marianne wadda ya girma da kimanin shekara 20, da wata 'yar riƙo. Cikin shekara 5 da suka yi, Price ya ƙiyasta abubuwan da suka faru sun kai 2,000: kwalabe suna tashi, tagogi suna fashewa, ƙofofi suna kulle kansu, an jefo matar daga gado, sannan ga rubutu da fensir a jikin bango yana kiran sunanta, yana neman taimako da addu'a da a kunna kyandir. Mai hankali zai fara da tambayar a gaban wa waɗannan abubuwa ke faruwa, amsar kuwa ita ce kusan dukkansu suna faruwa ne matar tana ita kaɗai, ko tana wani ɗakin da ba a ganin ta, mijin kuwa dattijo ne mai fama da ciwon gaɓɓai, mai tsananin son matarsa, yana rubuta duk abin da ta faɗa masa a littafinsa da zuciya ɗaya. Idan aka warware 2,000 ɗin nan sai a ga habarin mutum ɗaya ne aka maimaita sau 2,000.

Akwai kuma wata illa ɓoyayya da masu bincike suka tono. Kafin su zo Borley, su Foyster sun zauna a Sackville ta ƙasar Kanada, 'yan mil kaɗan daga garin Amherst, inda a 1878 aka yi wani shahararren labari na gida mai jifa da rubutu a bango yana kiran sunan wata yarinya. Ashe fatalwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba a zamanin Bull da zamanin Smith, ta iya rubutu ne daidai lokacin da mutanen da suka san labarin Amherst suka iso. Biri ya yi kama da mutum. Ita Marianne, bayan shekaru, ta amsa cewa akwai abin da take ɓoye wa mijinta game da wani ɗan haya da ke zaune tare da su, kuma fatalwa ta yi mata amfani wajen rufe motsin dare. Ba zan ƙara a kan wannan ba, don majalisin nan ba na tonon asiri ba ne, kuma matar ta riga ta je inda za a yi mata hisabin da ya fi namu adalci. Wanda nake tuhuma a nan shi ne Price. Ya ziyarci gidan a Oktoba 1931, ya fahimci hannun matar ne, ya faɗa wa mijin, har suka ɓata. Amma da ya zo rubuta littafinsa na 1940, wanda sunansa ke nufin gidan da ya fi kowane gida fatalwa a Ingila, sai ya shimfiɗa abubuwan nan a matsayin hujja, ya haɗiye abin da ya sani. Wanda ya san aibin shaihinsa ya ɓoye don riwaya ta yi kyau, sunan aikinsa tadlisi.

Su Foyster sun tashi a Oktoba 1935, hukumar coci ta ga gidan ya fi ƙarfin kowane liman, aka bar shi kango. A Mayu 1937 Price ya karɓi hayarsa ta shekara guda, ya sa talla a jaridar Times ranar 25 ga wata yana neman masu sa ido, ya zaɓi mutum 48, da yawansu ɗalibai, suna zuwa kwana bi da bi. A zahiri wannan shi ne aikin ilmi, kuma da shi masu kare Borley suka fi yin tinƙaho. Sai dai ya ba kowannensu wani ɗan littafi mai shuɗin bango wanda ya lissafa abin da aka saba gani da ji a gidan, da abin da mutum zai yi idan ya ji ƙararrawa ko ya ga siffa. Malaman Hadisi suna da suna ga wannan ma, talƙini, ba na bakin kabari ba, wato a sa wa mai riwaya magana a baki ya karɓa ya ce tasa ce, kuma wanda aka san yana karɓar talƙini riwayarsa ta faɗi. Ka ɗauki saurayi, ka karanta masa abin da zai ji, ka kulle shi cikin kango mai sanyi da tsakar dare, sa'an nan da safe ka tambaye shi me ya ji! Duk da haka, abin da mutum 48 suka samo cikin shekara guda bai taka kara ya karya ba: ƙwanƙwasa, da sanyi a wani lungu, da ƙananan abubuwa da suka ɗan gusa daga inda aka zagaye su da alli, da zane-zanen fensir a bango. Ba kwalba mai tashi, ba wanda aka jefo daga gado.

Da gidan ya ƙi magana sai aka nemi magana a wani wuri. Turawa suna da wani ɗan allo mai ƙananan tayoyi da fensir a maƙale, mutane su aza yatsu a kansa ya riƙa zamewa bisa takarda, su ce ruhi ne ke rubutu; bokancinsu ke nan, ko da sun sa masa kwat. Iyalin ɗaya daga cikin mataimakan Price suka zauna da wannan allo, sai ga wata wai ita Marie Lairre, rahiba daga Faransa, ta ce ta bar zuhudu ta auri wani daga zuriyar Waldegrave, ya kashe ta a 1667. Kun ga rahibar ƙarni na 14 ta tsallake shekara 300 ta sauya ƙasa ta sauya makashi, ba wanda ya ce uffan. Sunan Waldegrave kuwa ba sai ruhi ya faɗa ba, don su ne tsofaffin masu ƙasar Borley, kuma ƙaton kabarin Edward Waldegrave, wanda ya mutu a kurkukun Landan a 1561 saboda riƙonsa da Katolika, yana nan cikin cocin da ke tsallaken hanya, duk wanda ya shiga zai karanta. Sa'an nan ranar 27 ga Maris 1938, a unguwar Streatham ta kudancin Landan, allon ya rubuta da sunan wani wai shi Sunex Amures cewa zai ƙone gidan a wannan dare da ƙarfe 9, kuma za a sami ƙasusuwan wanda aka kashe a ƙarƙashin toka. Ƙarfe 9 ta yi, gari ya waye, gida yana tsaye.

Gidan ya ƙone ne ranar 27 ga Fabrairu 1939, a hannun wani kyaftin da ya saye shi, wanda ya ce fitilar kananzir ce ta kife yana kwance kaya. Kamfanin inshora kuwa da ya bincika ya ce da gangan aka sa wutar. Masu gaskata allo suka ce ga annabci ya cika. Ni dai ban san lugar da daren nan ke nufin bayan wata 11 ba, kuma boka ko na kasuwa ne, in aka yi masa irin wannan rangwame, ba zai taɓa kuskure ba. A Agusta 1943 Price ya haƙa ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya sami ƙashi biyu, aka ce na mace ce matashiya. A 1944 ana rushe kangon, mai ɗaukar hoto na mujallar Life ya ɗauki hoton wani tubali a sararin iska, Price ya buga shi a littafinsa na biyu a kan gidan, na 1946, yana nuna watakila tashi ya yi da kansa, alhali wakiliyar mujallar da ke tsaye tare da su ta ce lebura ne ke jefo tubala daga bayan bango, kuma dukkansu sun gan shi.

Price ya mutu a Maris 1948. Ƙungiyar binciken al'amuran ruhi ta Landan, wadda aka kafa tun 1882, kuma ba ƙungiyar masu musun gaibu ba ce, ta sa mutum uku, Eric Dingwall da Kathleen Goldney da Trevor Hall, suka bi takardunsa ɗaya bayan ɗaya, suka gwada abin da shaidu suka rubuta masa da abin da ya buga, suka fitar da littafinsu a 1956. Sun sami wuraren da ya datse maganar shaida inda ta raunana labari, ya ƙara mata gishiri inda ta ƙarfafa shi, suka yanke cewa wani sashe ƙirƙirarsa ce, wani na matar Foyster, saura kuwa ɓeraye ne da iska da yadda ginin ke mai da amo. Adalci ya sa in faɗa cewa an sami masu kare shi, suna cewa an yi wa mamaci shari'a ba ya nan, kuma cikin ukun akwai mai tsohuwar ƙullata da shi. Wannan magana tana da nauyi, malamanmu ma sun yi gargaɗi game da sukar tsara ga tsara. Amma ko an zubar da ra'ayin mutum ukun nan gaba ɗaya, wasiƙun Price na nan da rubutun hannunsa, suna faɗin abin da littafinsa ya ɓoye.

Hujjar da ta rage wa masu gaskatawa ita ce yawa. Sukan ce shekara 70 da ɗoriya, limamai huɗu, shaidu barkatai, ai ba za su taru a kan ƙarya ba. Wato suna da'awar tawaturi ke nan ba su san sunansa ba. To, tawaturi yana da sharuɗɗa: jama'a mai yawa a kowace ɗabaƙa, waɗanda al'ada ta hana su haɗa baki ko su ɗauka daga juna, kuma abin da suka faɗa ya zama sun riske shi da gaɓɓan ji da gani. A Borley kowace ɗabaƙa ta sha ne daga ta gabanta. Smith ya ji daga mutanen ƙauye, Foyster ɗan uwan Bull ne, mutum 48 sun karanta ɗan littafin Price, duniya kuma ta karanta jarida. Rijiya ɗaya ce aka yi ta ɗiba da guga dabam-dabam. Ba su ma haɗu a kan abu ɗaya ba, don fatalwar Bull tafiya take yi, ta ranar zuwan Price jifa, ta Foyster rubutu, ta masu allo kuwa Bafaransa ce; kowane mai haya ya tarar da irin fatalwar da ya shigo da ita cikin kayansa. La'ifi yana ƙarfafa da la'ifi idan hanyoyinsu sun rabu kuma babu wanda ake tuhuma da ƙarya a ciki, amma idan duk sun koma ga mutum ɗaya abin tuhuma, yawansu ba ya ƙara kome sai nauyin takarda.

Wani zai tambaya, yaya al'ummar da ke alfahari da kimiyya ta haɗiye wannan? Ba na son mu yi musu dariya da yawa. Yaƙin Duniya na Farko ya cinye musu samari dubu ɗaruruwa, da yawa ba a ko ga gawarsu ba, iyaye da zawarawa suka bazama neman duk wanda zai ce musu matattu suna ji suna magana, har manyan mutane irin su Arthur Conan Doyle da masanin kimiyya Oliver Lodge suka shiga ciki tsundum. Littafin Price na farko a kan Borley kuma ya fito ne a 1940, shekarar da bama-bamai ke sauka a Landan. Mai makoki ba ya tambayar isnadi, ko a can ko a nan.

Hukuncina, gwargwadon abin da ya bayyana gare ni, Allah kuwa shi ne mafi sani: tatsuniyar rahiba maulu'iya ce, ba ta da asali; riwayar zamanin Foyster da duk abin da ya keɓanta da Price abin bari ne; abin da 'yan matan Bull suka gani da almurun 1900 kuwa na yi tawaƙƙufi a kansa, ban ƙaryata su ba, ban kuma gina kome a kansa ba. Akwai dai wasu shaidu da littattafan ba su cika kula da su ba, su ne talakawan Borley, waɗanda suka rayu a gindin gidan nan suka yi aiki a lambunsa. Da aka kawo ƙasusuwan da Price ya haƙo aka nemi a binne su a maƙabartar cocinsu da sunan rahiba, ƙin yarda suka yi, don a ganinsu ƙashin alade ne, sai da aka kai su ƙauyen Liston na maƙwabta aka binne a 1945.